Wai da gaske wayar ƙarƙashin teku ce ke tsayar da POS ɗina a Kano?

Mai POS, bakin kasuwa, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata biyar ina sana'ar POS. Jiya tun hantsi har bayan la'asar na'urata ta ƙi, in sa kati ta yi ta juyi sannan ta ce a sake gwadawa. Wani yaro da ya zo cirar kuɗi ya ce, "Kawu, ai waya ce ta tsinke a teku." Na ce kai dai ka ji an faɗa.

Amma ya tuna mini da azumin 2024, lokacin da aka ce wayoyin intanet sun tsinke a teku kusa da Abidjan ta ƙasar Kwaddibuwa. Ranar Alhamis ce, 14 ga Maris, muna da azumi huɗu a baki. Wata dattijuwa ta zo da katin ɗanta za ta ciri dubu goma sha biyar na cefanen buɗa-baki. An zare kuɗin daga asusun, ni kuwa takarda ta fito da cewa bai yi ba. Ta zauna a kan bencina ta ce ba inda za ta. Da na ga rana ta yi sanyi na ciro dubu biyar a aljihuna na ba ta, na rubuta a bayan takardar. Sai bayan kwana shida kuɗinta suka dawo, kuma Allah Ya saka mata, da ƙafarta ta kawo mini nawa.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Ni a sanina intanet daga sama yake saukowa, daga tauraron ɗan Adam zuwa eriyar kamfanin waya. Ina Kano ina teku? Bankina a Najeriya yake, mai katin ma haka, me ya haɗa mu da gaɓar Abidjan? Kuma ranar kira yana shiga lafiya lau. Ko dai kamfanonin nan ne suka samu abin fakewa?

Mai haɗa faiba, Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Na jiya dai ba na jin na teku ne. Da shi ne, da duk gidajen rediyo sun ɗauka. Aikina ke nan, ɗinke wayar faiba, wato wayar intanet mai zaren gilashi, a gefen titi, kuma abin da ya fi tashinmu daga barci shi ne katafilar masu aikin hanya, sai masu haƙar kwalbati, sai ɓarayin da ke zaton akwai tagulla a ciki. Su yanke su tarar da gilashi, su yar, mu kuma mu kwana a daji.

Na 2024 kuwa gaskiya ne. Eriyar da kake gani waya ce a gindinta, binne a ƙasa, ta bi titi har Legas. Daga Legas ta shiga ruwa ta nufi Turai. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na abin da ke ƙetare nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi yake bi, na tauraro ɗan kaɗan ne. In ka ga wayar za ka raina ta. A can tsakiyar teku kaurinta bai wuce tiyon ban ruwa ba, zaren gilashin da ke ɗauke da saƙon kuma kamar silin gashi. Sai kusa da gaɓa ake yi mata sulken ƙarfe saboda anka da komar manyan jiragen kamun kifi, don su ne suka fi tsinka ta a duniya.

Ranar nan wayoyin teku guda huɗu suka tsinke kusan lokaci ɗaya: SAT-3, da MainOne, da WACS, da ACE. Duk a gefen Kwaddibuwa suke wucewa kusa da juna. Kamfanin MainOne ya ce motsin ƙasa ne a ƙarƙashin ruwa, a zurfin da ya kai kilomita uku, inda ankar jirgi ba ta isa. Ka ɗauka zaizayar gangare ce, laka da duwatsu suka gangaro suka yi awon gaba da duk abin da suka tarar. A Agustan 2023 ma an yi irin haka a mashigar kogin Kwango, WACS da SAT-3 suka tsinke.

Batun bankinka kuma, ginin ne a Najeriya. Da yawa daga cikin manhajojin banki da na POS a kan kwamfutocin haya suke zaune, na irin su Microsoft da Amazon, a Turai ko Afirka ta Kudu. Ka sa katin tsohuwa a Kano, saƙon ya je Legas, ya shiga ruwa, ya dawo da amsa. In rabi ya tafi amsar ba ta dawo ba, shi ne a zare kuɗi kai kuma ka ga bai yi ba. Kira kuwa daga Kano zuwa Zariya bai da abin yi a teku, shi ya sa ya shiga.

Hajiya mai atamfa, Kumasi:

Ɗana, ku gode wa Allah, naku da sauƙi. Mu nan Gana abin ya fi tsanani. Ni duk cinikina a WhatsApp yake, in ɗauki hoton zani in tura wa mata su zaɓa, ga sallah na matsowa. Hoto ɗaya ya kwana yana juyi. Kamfani guda ne layinsa ke motsi, sai ga mutane sun yi dogon layi a ofishinsa suna sayen sim, har da waɗanda da can suke yi masa dariya. Da hukumar sadarwa ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar na ce shi ke nan. Na ɗora wa yarinyata kaya a ka muka koma bin gida gida kamar zamanin iyayenmu. Ban yi asara ba, amma ƙafata ta gaya mini.

Ɗan Maraɗi:

Mu da ko gaɓar teku ba mu da ita, rezo, wato netwok, ya yi rauni a nan ma, don ta ƙasar Benin da Najeriya namu yake shigowa. Abin dariya, ana gobe abin zai faru Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta da mu. Muna murnar hanyar mota, sai ta ruwa ta rufe. Amma mai faiba, mako biyar fa? Waya ɗaya?

Mai haɗa faiba, Kaduna:

Ɗan'uwa, ni da mota da tsani nakan yi yini a kan yanka ɗaya. Na teku kuwa sai an nemo jirgin ruwa na musamman, kuma ba su da yawa a duniya. Wanda ya fi yi wa Afirka wannan aiki sunansa Léon Thévenin, daga Cape Town yake tasowa, tafiyar kwanaki. Kafin ya iso an auna daga gaɓa an gane wajen kilomita nawa hasken da ke ɗauke da saƙo ya tsaya. Sai a jefa ƙugiya a ja ta a ƙasan teku har ta kamo wayar, a ɗago ɓangare ɗaya a ɗaure shi da abin da ke yawo a kan ruwa, a koma a lalubo ɗayan, a saka sabon guntu a tsakani, a narka zaren gilashin ɗaya bayan ɗaya. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi a dakata. Ga neman izinin ƙasar da ruwan yake nata. Kuma huɗu ne ke jira.

Abin da ya sa Najeriya ta farfaɗo cikin 'yan kwanaki shi ne wayoyin Glo-1 da Equiano ta Google ba su tsinke ba, sai kamfanoni suka karkata ta can. Hanya biyu suka ɗauki motocin hanya shida, dole a yi cunkoso.

Malam mai POS, ka riƙe sim biyu na kamfanoni daban, in da hali na'ura biyu. Ba kullum zai cece ka ba, don wani lokacin rami ɗaya wayoyinsu suke bi.

Mai POS, bakin kasuwa, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Hajiya, Allah Ya ba da kasuwa. Na tambayi maƙwabcina mai cajin waya, ya ce jiya da safe ya ga ana haƙa a bakin titin bayanmu, da yamma kuma ya ga wasu masu rigar lemo tsugune a ramin da wata 'yar akwati. Ashe tekun nawa bai fi taku ɗari biyu daga bencina ba. Sim na biyu kam gobe zan saya, na'ura ta biyu sai bayan na biya kuɗin makarantar yara.