Shawarwari Kan Neman Tallafin Jiha Ga Ƙungiyoyin Fasaha a Amurka

Mahalarta wata tattaunawa kan neman tallafin jiha ga ƙungiyoyin fasaha, irin su na wasan kwaikwayo da zane-zane, sun yi ittifaƙi cewa tallafin gudanarwa, wanda ake biyan albashi da haya da kuɗin wuta da shi, ya fi tallafin shiri guda amfani, domin shi ke riƙe ƙungiyar da ba ta neman riba idan babu wasa ko nuni. Sai dai hukumomin fasaha na jihohi sukan nemi rajistar 501(c)(3), wato shaidar hukumar harajin Amurka cewa ƙungiya ba ta neman riba kuma an ɗauke mata harajin kuɗin shiga, da bayanan kuɗi na shekarun baya, sau da yawa kuma sai ƙungiya ta tara kwatankwacin abin da za a ba ta. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya fi ƙuntata wa ƙananan ƙungiyoyi, shi ya sa aka shawarce su da su tattara alkawuran masu gudummawa tun kafin a buɗe karɓar takardu.