Abin da aka tsayar kan tsarin girkin sati

Ga taƙaitaccen abin da mata suka faɗa da aka yi hirar "yau me za a dafa". Yawanci sun yarda a zauna ranar Juma'a ko Asabar a rubuta girkin sati kafin a yi cefane, ba sai maigida ya kai bakin ƙofa ba a fara lissafi.

Inda aka fi daɗewa shi ne kayan miya, wai a sayi tumatir da tattasai da attarugu da albasa da yawa a markaɗa a tafasa sosai har ruwan ya tsane, sai a raba a ƙananan robobi a sa firiza, kullum a ciro ɗaya, masu fama da rashin wuta kuma suka ce su yankawa suke su shanya ya zama kauɗa, ko a soya da mai a riƙa ɗumamawa safe da yamma. Ni dai na fi yarda da soyawar.

Dare tuwo ne, amma a riƙa canja miya, yau kuka gobe busasshiyar kuɓewa jibi taushe, kuma a ƙara hannu don a samu ɗumamen safe, ya rage kashe kuɗin burodi. Rana a juya tsakanin garau-garau, ɗanwake, dambu da zogale, faten tsaki. Wake a jiƙa shi tun dare, ya fi saurin dahuwa, gas ma ya huta.

Nama kam an ce a ware masa Juma'a, sauran ranaku daddawa da busasshen kifi sun wadatar.