Wuta na haɗewa a layin juyawa, ina mafita?

Jama'a, muna neman shawara. Ƙungiyarmu na sake shimfiɗa ƙaramin layin dogo na wasa mai ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman na gaske, domin jirage su riƙa juyowa kamar na gaske maimakon zagaye kawai. Mun ƙara layin juyawa a ƙarshen tasha, muka yanke ƙarafan layin biyu a kowane bakinsa don keɓe wutarsa, muka ɗaura na'urar Digitrax AR1 don juya wutar DCC, wato wutar da ke bin ƙarafan tana sarrafa jiragen, kada ta haɗe.

Kan jirgi shi kaɗai yana wucewa lafiya. Da tarago 18 masu ƙafafun ƙarfe kuwa, komai sai ya tsaya cak. Yankin da muka keɓe mita 2.4 ne, jirgin ya haura mita 3, don haka kai na taka yankan fita alhali ƙafafun baya na kan yankan shiga. Bango ya hana mu tsawaita shi.

Mun cike yankan da roba, mun rage ma'aunin ƙarfin wutar da ke sa AR1 juyawa, matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba, musamman da taragon fasinja masu fitila.

Shin mu mayar da yankan baya, ya haɗa da mararrabar shiga, ko akwai dabarar da ta fi?