Hutun kwana tara: wa ya taɓa zuwa ƙaramar ƙasa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ni da maigida muna shirin fita waje, kwana tara kacal muka samu. Shi Turkiyya yake so, ni kuwa na ce a kai kasuwa, don na taɓa ɗanɗanawa. Da muka je da yayata cewa muka yi sai mun ga Istanbul da Kafadokiya da Antaliya a mako guda. Daga Istanbul zuwa Kafadokiya kaɗai a bas muka kwana, sama da awa 10. Na dawo da waya cike da hotuna, da ciwon baya, amma abin da na fi tunawa tashoshin mota ne. Bana ƙaramar ƙasa nake so, inda za mu ajiye akwati a ɗaki ɗaya, mu fita da safe mu dawo da yamma. Waɗanda suka taɓa zuwa ku ba mu labari, mai daɗin da marar daɗin.

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki duba Ruwanda. Tun 2018 kowa na iya karɓar biza a filin jirgin Kigali, wannan ya rage mini rabin wahalar shiri. Kwana shida na yi, na ga Kigali sosai, na je Rubavu a bakin tafkin Kivu na kwana biyu. Amma kada taswira ta ruɗe ki. Ƙasar duk tuddai ce, hanya sai lanƙwasa take yi kamar maciji, tafiyar da na ɗauka ta awa biyu ce sai da ta ci kusan huɗu.
Abu biyu ba wanda ya gaya mini. Na farko, an hana jakar leda a ƙasar tun 2008, ni kuwa takalmana a leda na naɗe su, a filin jirgi na rabu da ita. Na biyu, Asabar ɗin ƙarshen wata suna aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, Umuganda suke ce masa. Na tsara fita ƙarfe takwas na safe, na tsaya bakin otal da jakata, titi tsit, shaguna a rufe, ba motar haya ko ɗaya. Sai wajen tsakar rana gari ya farfaɗo. In za ku je wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994 da ke Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000, kada ku haɗa shi da wani yawo a ranar. Ni da na fito ban iya magana ba har dare.

Anti Bilki:
Ni dai Malta ce ta sace zuciyata. Gaba ɗayanta murabba'in kilomita 316 ce, da bas za ki kewaye ta. Da safe Valletta, bayan la'asar Mdina, tsohon birni mai ganuwa da lungunan da mota ba ta iya shiga yawancinsu. Tsibirin Gozo kuma minti 25 ne a jirgin ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki harshensu. Asalinsa Larabci ne amma da baƙin boko suke rubuta shi. Ina tsaye a shago na ji wata tsohuwa tana lissafi, ta ce hamsin, ta ce sittin, na juya da sauri ina zaton 'yar'uwa na samu! Ashe haka suke ƙirga. Sunan Ubangiji ma Alla suke cewa, alhali galibinsu Kiristoci ne.

Kawu Tanimu:
Bari in ɗan zuba ruwa a zancen. Ƙanƙantar ƙasa ba ta nufin sauƙin shiga. Maltan da Bilki ke yabo tana cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, biza sai an cika takardu kamar mai zuwa Jamus, kuma ƙa'ida ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa. Ƙananan ƙasashe ba su da ofishin jakadanci a ko'ina, sau da yawa wata ƙasa ce ke wakiltarsu. Na ɓata mako biyu kafin in gano ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Ga jirgi kuma, da wuya a samu mai zuwa kai tsaye. Na taɓa zaman awa 11 a kan kujerar filin jirgi ina jiran canji, kwana guda na hutuna ya tafi a banza. Singafo kuwa, tsafta da tsari ba a magana, jirgin ƙasa na kai ka ko'ina, ga Masallacin Sultan a Kampong Glam, amma kuɗin ɗaki ya sa na gudu a kwana na huɗu. A babbar ƙasa in birni ya yi tsada sai ka koma ƙaramin gari. A can ina za ka koma?

Anti Bilki:
Kawu, gaskiyarka kan biza, ni ma na sha jira. Amma wahalar takarda a gida ake shanta kafin tafiya, ba ta cin kwanakin hutu.

Autan Hajiya:
Ni Katar na je a watan Yuli, kuskuren da ba zan sake ba. Zafi ya haura digiri 40, da rana ba mai fita, kasuwar Souq Waqif sai bayan isha'i take cika. A babbar ƙasa mutum ya gudu kan tsauni ko wani yanki, nan kuwa duk ƙasar yanayi ɗaya ne. Ki fara duba watan tafiya kafin ki duba ƙasa, Maman Ilham.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya yi dariyar labarin leda har ya ce a duba Ruwandan. Na riga na buɗe kalanda na kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata. Baban Khalil, a kwana taran nan, Kivu kwana biyu sun isa ko mu ƙara ɗaya? Kuma an nemi katin rigakafin cutar shawara a wurinka?