Neman shawara: ɗakin katako a kan bishiyar mangwaro

Baban Abba, Dakace: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da lambu a hanyar Shika, akwai tsohon mangwaro da kewayen jikinsa ya kai santimita 190, da darbejiya biyu, da rimi ɗaya a gefe. Ina so a yi wa yara ɗan ɗakin katako a sama, ni ma in riƙa shan iska. Wanda na kira ya ce a ɗaure katakai a jikin rassa da waya a bi da ƙusa. Hankalina bai kwanta ba. Wace bishiya ta fi dacewa, kuma yaya ake yi?

Malamin Gandun Daji, Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, gara da hankalinka bai kwanta ba. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. Duk abin da ya zagaye reshe ya matse, waya ce ko sarƙa ko igiya, yana nutsewa cikin ɓawon yayin da reshen ke ƙara kauri, ya toshe hanyar. Cikin 'yan shekaru reshen ya bushe, kuma shi ne yake ɗauke da yaranka. Ƙusoshi barkatai ma rauni ne barkatai, ta nan ruɓa ke shiga.

Cire rimi daga lissafi. Girmansa ruɗi ne, itacensa laushi gare shi kamar na kuka, ba ya riƙe ƙarfe. Tsamiya da maɗaci su ne gwanaye, sai dai ba ka da su, kuma tsamiya ko ka gina da wuya iyayen yara su yarda a hau bayan magariba. Mangwaron ya isa: kewaye 190 na nufin kauri kusan santimita 60. Amma a duba shi tukuna. A bubbuga jikinsa da guduma, in ya yi amo kamar ganga akwai rami a ciki. A duba ginin gara a jiki, da kauci a rassa, da mahaɗar rassa biyu da ta tsuke har ɓawo ya shige tsakani, irinta ce ke tsagewa da guguwar farkon damina.

Injiniya, Kongo: Ni shawarata kada bishiyar ta ɗauki nauyi ko kaɗan. Ƙasa ta ɗauka, mangwaro ya ba da inuwa. Dirka huɗu na bututun ƙarfe mai kauri, inci 3, dandamali ƙafa 8 da 8 a gefen gangar jikin, tsayi ƙafa 6 zuwa 7 daga ƙasa. Ramin kowace dirka zurfin ƙafa 2, kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a bar shi kwana 7 ana ba shi ruwa kafin a ɗora komai. Da hannu za a haƙa, in an ci karo da saiwa mai kaurin hannu a matsar da ramin, kada a sare ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne tokara. Dirka huɗu a tsaye ba tokara a karkace kamar tebur ne mai sakakkun ƙafafu, yara biyar suka ruga gefe ɗaya sai ya yi lilo. A sa tokara a kowace kusurwa, ta fuska biyu. Sannan a bar tazarar inci 3 tsakanin katako da jikin bishiya, na rassan da ke kusa da rufi kuwa a ƙara musu, don iska na kaɗa su fiye da yadda ake zato.

Kafinta, Tudun Wada: Injiniya ya yi daidai, ga lissafin katako. Manyan katakai guda biyu ne za su hau kan dirkokin, kowanne 2x6 (kauri inci 2, faɗi inci 6) biyu a haɗe da bol da noti. A kansu a jera 2x6 guda 7, tazarar inci 16. Daɓe kuma 1x12 mai ƙafa 12, guda 6 sun isa a lissafi, amma sayi 7 domin katakon kasuwa ba ya cika awo. A sa injin ya tsaga su biyu, faffaɗan katako yana lanƙwashewa ya tara ruwa. Tsakanin kowanne a bar rabin santimita.

In ka je 'Yan Katako a Sabon Garin Zariya, kada araha ta ja ka zuwa obece, abincin gara ne. Nemi loko ko maɗaci busasshe. Ɗanyen katako in ya sha hunturu yana ƙanƙancewa, noti ya saki, shi ya sa ake sake ɗaure su bayan hunturun farko. A shafa Solignum, maganin kare katako daga gara, shafi biyu kafin a haɗa, musamman bakin da aka yanka. Baƙin man mota da wasu ke kwarara a gindi yana lalata ƙasa da saiwa, a bar shi.

Malamin Gandun Daji, Samaru: Ƙari kaɗan, Injiniya. In Alhaji na son kusurwa ɗaya ta dogara da bishiyar, yana yiwuwa: bol ɗaya mai kaurin inci 1 ko fiye, a huda da injin, katakon ya zauna a kansa yana iya zamewa, ba a ɗaure shi tam ba. Bol ɗin ba zai hau sama da shekaru ba, bishiya daga kan rassa take ƙara tsawo. Jikin ne zai yi ta haɗiye shi.

Injiniya, Kongo: Haka ne Malam, amma ƙarfen da ba a tabbatar da ingancinsa ba ban yarda a rataya masa rayuka ba. Dirka ta fi sauƙin dubawa da ido.

Maman Ilham, Gyallesu: Ku maza kun tsaya kan ƙarfe. Shinge ya kai mita 1, tazarar sandunansa ƙasa da santimita 10, kan yaro kada ya shige, kuma a tsaye za a jera su, na kwance tsani ne ga yaro. Matakala mai marikin hannu ta fi tsani, a sa mata ƙofa da kwaɗo. Ƙarƙashi a kwashe duwatsu a zuba yashi mai kauri. Taga a sa raga saboda sauro da jemagun da ke bin nunannen mangwaro. Da an ga hadari kowa ya sauko, tsawa ba ta wasa da doguwar bishiya. Kuma kafin a haƙa rami a hau tsani a duba: in daga can ana hango tsakar gidan maƙwabta, a toshe wannan ɓangaren da asabari ko a juya ƙofa.

Kafinta, Tudun Wada: Rufi na manta. Ciyawa ta fi sanyi, amma a lambu da rani ana cinna wa gonaki wuta. Kwano ya fi aminci, a ɗaure da ƙusa mai hula, a ba shi gangara sosai don ganye kada ya kwanta. Ƙarar faɗowar mangwaro kuwa sai haƙuri. A share busasshiyar ciyawa taku goma kewaye tun watan Nuwamba.

Baban Abba, Dakace: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dirka zan bi. Saura tambaya ɗaya: azara za ta iya maye gurbin bututun?

Injiniya, Kongo: Azarar giginya da ta ƙosa gara ba ta cika damunta ba, sai dai tana tsagewa a wurin huda. Yi amfani da ita a shinge da rufi, dirka dai a bar wa ƙarfe.