Giro, Tour ko Vuelta: wanne ya fi wuya, wa zai ci Tour na gaba?

Mai_Keke: Salamu alaikum 'yan uwa. Manyan gasannin tseren keke ukun nan, wato Giro, Tour da Vuelta, kowanne zango 21 ne cikin mako uku, to me ya sa ake fifita Tour na Faransa? Ni dai Giro na Italiya ya fi min armashi. Watan Mayu ake yinsa, ga sanyi ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu. Ku tuna yadda Simon Yates ya ƙwace rigar ruwan hoda, wadda mai jagorantar Giro ke sakawa, a hawan dutsen Finestre a 2025, ana gobe kammalawa.

Dogo: Wa alaikumus salam. Malam, a Tour manya ke haɗuwa, kowa da cikakken shiri, shi ya sa. Ni Pogačar zan ba. Zuwa 2025 sau 4 ya ɗauki Tour, kuma a 2024 ya haɗa Giro da Tour, abin da rabon a gani tun Pantani a 1998.

Hajiya_B: Haba Dogo, kar ka raina Vingegaard! Ai shi ya kayar da Pogačar a Tour na 2022 da 2023. In abokan tawagarsa suka gajiyar da Pogačar a dogon hawa, labari zai canza.

Mai_Keke: Hajiya, gaskiyarki. Vuelta na Spain fa ba wanda ya ambata, alhali hawan dutsen Angliru da ake yi a cikinsa ko kallonsa gajiya ne.