Almorzar: wane suna za mu ba aikatau mai sauya wasali?

Malamar Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da darasin murya da zan tura wa ɗalibaina ranar Juma'a. Yawancinsu 'yan kasuwa ne masu zirga-zirga zuwa Malabo da Bata a ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma da Hausa nake musu bayanin Sifaniyanci. Wannan makon mun zo kan *almorzar*, wato cin abincin rana. Ga yadda yake tafiya a lokacin yanzu: *yo almuerzo, tú almuerzas, él almuerza, nosotros almorzamos, vosotros almorzáis, ellos almuerzan*. Kun ga *o* ɗin tsakiya ya koma *ue* a wuri huɗu, amma ya tsaya yadda yake a "mu" da "ku". Suna biyu nake nema: na wannan aiki na bin aikatau daga "ni" har zuwa "su", da na irin aikataun da Sifaniyawa ke ce wa *irregular*. Don Allah gajere, mai shiga kunne, don ba rubutu za su gani ba.

Almajirin Zaure: Wa alaikumus salam. Malama, na farkon ai an gama shi tun zamanin kakanni: tasrifi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi *fa'ala, fa'ala, fa'alu* ya san shi. Na biyun kuwa ki ce ajwafi, aikataun da illarsa ke ciki, kamar *ƙala, yaƙulu, ƙultu*. Shi ma naki a ciki ciwonsa yake.

Ɗan Damagaram: Mu nan yaran lakwal konjigezon suke cewa, ba wanda ya taɓa neman wata. In Hausa ake so zalla, "jujjuya aikatau" ya wadatar. Na biyun: bauɗaɗɗen aikatau.

Malamin Nahawu: Tasrifi yana da kyau, sai dai a nazarin Hausa mun riga mun ba shi babban fili, ya haɗa ƙirar kalma gaba ɗaya, har da jam'in suna da ɗafe-ɗafe. Kuma ku lura da dalilin da ya sa kalmar ke mana wuya. Aikataun Hausa ba ruwansa da wanda ya yi aikin: na ci, ka ci, ta ci, mun ci, sun ci. Wakilin suna ne ke ɗaukar wahalar. Abin da ke motsa aikataunmu shi ne abin da ya biyo bayansa: na saya, na sayi goro, na saye shi. Wani Bature masanin Hausa, Parsons, ya yi nazarin wannan lokacin da ya tsara aikataunmu cikin rukunai bakwai a 1960. To Basifaniye a wutsiyar aikatau yake rataye mai aikin, shi ya sa yana iya cewa *almuerzo* kawai ba tare da *yo* ba.

Bauɗaɗɗe kuma ban yarda da shi ba a nan. *Almorzar* bai bauɗe ba. Inda nauyin murya ya sauka a kan *o*, sai ya tsage ya zama *ue*: al-MUER-zo. Inda nauyin ya matsa gaba, sai *o* ya zauna lafiya: al-mor-ZA-mos. Gado ne daga Latin, kuma haka *poder, dormir, volver, contar* suke yi. A Ajantina ma, inda ake cewa *vos* maimakon *tú*, *vos almorzás* ake cewa, babu *ue*, don nauyin ya koma ƙarshe. Bauɗaɗɗe na gaske shi ne *ir*: *voy* yau, *fui* jiya, *iba* a da, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Ɗan Damagaram: To a ce "mai juya ciki".

Uwar Biyu: A darasin cin abinci? Wallahi ɗalibai za su ɗauka an ce abincin ya lalace.

Baba Mai Kishin Harshe: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuna neman sunan nahawu, alhali babban abin kunyar yana gabanku: su kalma ɗaya gare su, mu sai mun jero uku, "ci abincin rana". Na safe muna da shi, ana cewa "ka karya?" Na rana fa? Na daɗe ina ba da shawarar *ranata*. Daga tsoro aka sami tsorata, daga hanzari aka sami hanzarta, daga rana sai ranata. Na ranata, ka ranata, mun ranata. Sannan tasrifi da ajwafi Larabci ne, konjigezon kuwa ba na ma son in maimaita shi.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma in na rubuta wa maigida "zo ka ranata", me zai karanta? Ranata ai ranar da take tawa ce, ta biki ko ta suna.

Baba Mai Kishin Harshe: Karin sauti zai raba su, 'yata. Ba mu da fari da fari? Ba mu da gari da gari? Wa ya taɓa zuba gari na birni a tukunya?

Almajirin Zaure: Allah gafarta Baba, in za a kori Larabci, a fara da "nahawu" da kuka rubuta yanzu. A bi da "lokaci", don daga *al-waƙt* ya fito, sai wasali, sai jimla, sai azahar ɗin da ake cin abincin a cikinta. Su kansu masu harshen, ƙamusun hukumarsu ta Madrid ya ce *al* ɗin farkon *almuerzo* na Larabci ne, aka manna shi da kalmar Latin mai nufin cizo. Tun 711 har 1492 Musulmi na da mulki a wani sashe na ƙasar. Su ba su ji kunyar aro ba, sai mu?

Baba Mai Kishin Harshe: Su ta shafa. Kuma ku 'yan zaure kun ɗauka duk abin da bai zo da alif da lam ba, ba ilimi ba ne.

Almajirin Zaure: 'Yan boko kuma sai abin da Bature ya sa wa lamba, rukuni na ɗaya, rukuni na biyu.

Malamin Nahawu: Ni me na yi aka jawo ni?

Ɗan Damagaram: Wai ma wa ya ce ba mu da kalma? Kalaci fa? Ku Kanawa in abu bai shiga bakinku ba sai ku ce babu shi a Hausa.

Uwar Biyu: Kalaci a gidanmu na safe ne. Kakata in ta ce a yi kalaci, koko da ƙosai take nufi.

Ɗan Damagaram: A wasu wurare kowane cin abinci kalaci ne, sai a ce kalacin rana, kalacin dare.

Uwar Biyu: Ka ga an koma kalma biyu ke nan, kuma suna ne, ba aikatau ba.

Ɗan Ci-rani a Balansiya: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, lemu nake tsinka. Wannan rigima taku ta kalaci su ma suna da irinta. Nan Balansiya ta ƙasar Sifaniya in aka ce *almuerzo*, na hantsi ake nufi, wajen goma zuwa sha ɗaya: a ajiye aiki, a ci burodi mai ciko da zaitun da gyaɗa, a sha kofi, a koma. Na rana *comida* ne, sai biyu ko uku, kuma *comer* ake cewa. Abokan aikina 'yan Kolombiya da Peru su ne ke nufin na rana in sun ce *almorzar*. A Meziko kuma ya fi kusa da karin kumallo mai nauyi da ake ci a makare. Malama, ki gaya wa ɗalibanki in an gayyace su *almuerzo* su tambayi ƙarfe nawa.

Baba Mai Kishin Harshe: To na hantsin sai a ce *hantsata*.

Uwar Biyu: Innalillahi.

Malamar Garwa: Jama'a, Laraba ce yau fa. Na gode ƙanena na Balansiya, wannan zai shiga darasi. Ga wata kuma da ban faɗa ba: a shuɗaɗɗen lokaci *ue* ɗin ya ɓace gaba ɗaya, *almorcé, almorzaste, almorzó, almorzamos, almorzasteis, almorzaron*, amma a "ni" *z* ta koma *c*. Shi ma sai na nema masa suna?

Malamin Nahawu: A'a Malama, wannan ƙa'idar rubutu ce kawai. Ba sa son rubuta *z* gaban *e*, sai su sa *c*, furucin bai motsa ba. Masu saurare ba za su ma ji shi ba. Ki ajiye shi sai ranar da kika zo kan *almuerce usted*, inda sauyin biyu suka haɗu a kalma guda. *Ue* ɗin kuwa ya ɓace ne don a duk shidan nauyin murya ba a kan *o* ɗin tsakiya yake ba. Shawarata ta ƙarshe: "aikatau mai sauya wasali". A bar bauɗaɗɗe wa *ir* da *ser*.

Almajirin Zaure: Doguwa ce. Ajwafi gaɓa uku kacal.

Malamin Nahawu: Ajwafi sai an yi masa darasi na daban kafin a fahimce shi. Kuma a Larabci harafin illa ne a tsakiyar asali, nan kuwa nauyin murya ne. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Malamar Garwa: To ga abin da zan naɗa. "Jujjuya aikatau", zan ambaci tasrifi sau ɗaya saboda waɗanda suka yi zaure. "Aikatau mai sauya wasali" ga *almorzar* da 'yan'uwansa. Ma'anarsa "ci abincin rana", tare da gargaɗin a tambayi lokaci. "Nauyin murya" bai kwanta mini sosai ba, don wasu za su ɗauka karin sauti nake nufi, amma ba ni da wata a hannu.

Ɗan Damagaram: Ba laifi. Amma a rubuta cewa jujjuyawar daga Damagaram ta fito.

Almajirin Zaure: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma na haƙura.

Baba Mai Kishin Harshe: Ni ban sa hannu ba. Jikokina dai sun fara cewa ranata a gida, kuma ba wanda ya kwana da yunwa saboda rashin fahimta.